Ranar da Na Je Biko da Maganaɗisu a Aljihu

Ko na so in manta da ranar da na je bikon matata Hadiza, mutanen unguwarmu a Arlit ba za su bar ni ba.

Abin ya samo asali ne a Tchibarakaten. Na je neman zinariya, ban samo ko ƙwaya ba, sai na dawo da wata cuta: tsintar dutsen sama, irin wanda kan faɗo daga sararin samaniya. Wani Balarabe ne ya koya mini. Ya ce baƙi ne mai santsi kamar an ƙona shi, ya fi girmansa nauyi, kuma yana kama maganaɗisu. In kana shakka, ka goge gefensa da magagari, ka jiƙa wurin da yawu, za ka ga ɗigon ƙarfe na ƙyalli. Tun daga nan na daina kallon fuskokin mutane, ƙasa kawai nake kallo.

Duwatsu suka cika ƙarƙashin gado, suka kai har bayan kwanonin Hadiza (ko ɗaya a cikinsu bai taɓa ganin sama ba, amma wannan wata magana ce). Ranar da ta yi tuntuɓe da wani har farcenta ya fita, ta ja mayafi ta tafi gidansu.

Kawuna Sani ne ya raka ni biko. A hanya ya ja mini kunne: "Ka zauna a zaure, ka sunkuyar da kai, kada ka ce uffan. Ni zan yi magana da Alhaji." To, na zauna, na sunkuyar da kai kamar yadda aka ce. Laifina ne da idona ya sauka a kan dutse? Ga shi nan gefen tabarma, baƙi ƙirin, yana sheƙi. Na yi ta tsinta a hamada rana na gasa mini ƙeya ban ga irinsa ba, sai yau da aurena ke lilo!

Na ce bari in ɗaga kawai. Nauyi. Na kara maganaɗisun da ke jikin makullina, ya ɗan kama. Daga nan hankalina ya yi nasa wuri. Na zaro magagari (e, na je biko da magagari, kada a tambaye ni), na goge gefe, na tara yawu na tofa, na sa babban yatsa ina murzawa.

"Mi kaka yi ma dutsina?"

Alhaji ne, surukina, tsaye a kan sanda, Kawu na bayansa. Ashe la'asar ta yi. Ashe kuma tun da ciwo ya kama shi likita ya hana shi taɓa ruwa, da wannan dutsen yake taimama. Sheƙin da ya ruɗe ni, tafin hannunsa ne ya yi shi.

Na shiga goge yawun da bakin rigata, ina cewa, "Baba, dubawa nake." Dubawa! Kawu ya rufe fuska da hula.

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce, "Da ɗiyata ta ba ni labari, na ce ƙari taka yi. Ashe sakaya ka ta yi." Ya juya ga Kawu: "Na ce ta bi ku yau, ko? To, ku tahi tukuna."

Sai da na kwashe duwatsun nan kaf a baro na zubar bayan gari, maƙwabta na leƙe, kafin Hadiza ta dawo. Abin haushin, dutsen Alhajin ma na ƙasa ne, toka-toka a ciki. Yanzu in na shiga gidan mutane, ko gwal na gani a ƙasa, hannuwana na cikin aljihu har a yi sallama.