Ranar da Na Tsere wa Surukina a Coci

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, kuma duk ranar da na tuna sai na ji kamar in nemo Bulus in shaƙe shi. Bulus abokina ne, tare muke koyarwa a wata sakandare a Kafanchan. Shi ya same ni ina fama da littattafan jarrabawar ƙarin girma, ya ce, “Kai, kana karatu kamar kana tsince tsakuwa a acca. Bari in gyara ka.”

Dabarunsa ba su da yawa. Daina motsa leɓe. Ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ka ja shi da gudu, ido ya bi. Kwashi kalmomi da yawa a kallo ɗaya. Kada ka tsaya, kada ka koma baya. Abin haushin shi ne sun yi aiki! Na cinye littattafan, na ci jarrabawa, kaina ya kumbura (har na fara yi wa masu karanta jarida a hankali kallon tausayi).

A lokacin ina neman auren Rifkatu, ’yar wani ƙauye a bayan Zonkwa. Mahaifinta, Baba Yakubu, dattijon ikilisiya ne, kuma bai ce e ba, bai ce a’a ba. Sai aka gayyace ni sujadar Lahadi a cocinsu, Fasto ya ce tunda baƙon malami ne, shi zai yi karatun safiya. A bakin ƙofa Rifkatu ta jawo rigata ta ce, “A nan fa in ka karanta aya ɗaya...” Na katse ta: “Ni za ki koya wa karatu?”

Ashe a cocin nan mai karatu yakan karanta aya ɗaya da Hausa ya dakata, mai fassara ya mayar da ita yaren garin saboda tsofaffi. Mai fassarar kuwa Baba Yakubu ne. Da na gan shi tsaye kusa da ni, sai na ɗauka girmama ni ya zo yi. Wawa!

Na ɗora yatsa, na saki baki. Na ji tsohon ya ja numfashi zai yi magana, na wuce. Ya yi gyaran murya, na ƙara mai. Rifkatu tana ɗaga mini hannu daga cikin mawaƙa, na ce a raina yarinyar nan alfahari take yi da ni. Na kai ƙarshen sura, na rufe littafi, na ɗaga kai ina jiran “Amin”.

Sai wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi, “Addu’a ne ya yi ko faɗa?”

Baba Yakubu ya dube ni sama da ƙasa. “Ɗana, ka gama?”

“Na gama, Baba.”

“To, mu ba mu fara ba.”

Ya buɗe littafin, ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam, kamar ɗan aji ɗaya. In na kai ƙarshen aya sai ya matse, in yi shiru, ya fassara a tsanake, har da ƙarin bayani. Matan ƙungiyar zumunta ta cocin suna toshe baki da zane. Zufa ta jiƙa mini sabon kaftani, ina tsine wa Bulus a cikin gidan Ubangiji.

Bayan an tashi, a gaban ’yan’uwansa, ya ce da irin Hausarsu, “Yarinya na yana magana a hankali. Kai ba ka jira tsoho ya buɗe baki ba, yarinya na ne za ka jira?” Aka ɗaga maganar aure sai bayan an haƙe citta, da sharaɗin in riƙa zuwa karatu duk Lahadi.

Na je, ina cika ina batsewa, har ya ba ni ita. Na dai gane cewa saurin karatu na wanda yake shi kaɗai ne da littafinsa, in da mai sauraro sai a jira shi. Yau ’ya’yanmu sun shiga makaranta, amma in na sauka daga mashin a ƙauyen nan, tsofaffi ba sa kiran sunana. Cewa suke yi, “Rifkatu, fito, jirgin Kafanchan ya iso.”