Rasuwar Jihazi, Mai Ba Da Wuta Gwargwadon Buƙata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki da har yau bai rabu da ƙaurin ƙonanniyar waya ba, Juwairiyya, ɗiyar marigayi Alamin mai lambun albasa a Hillar Mato, kudu da Abu Hujar, tana sanar da 'yan ajinta na sashen lantarki, duk inda yaƙi ya watsa su, rasuwar abokin aikinta Jihazi. Ya cika ranar Asabar da hantsi, a bakin rumfar gidansu, a gaban baƙi goma sha ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin akwati ne mai ruwan toka, girmansa kamar bulo, nauyinsa ma haka. Aikinsa ɗaya ne a duniya: ya karɓi wutar bango, wadda ba ta da linzami, ya mayar da ita 'yar kaɗan mai ladabi, daga sifili zuwa bolt talatin, yadda mai gwaji yake so. Maɓallan murɗawa biyu gare shi, na dama na ƙarfin wutar, na hagu na iyakar da ba zai ƙetare ba. A kasuwar masu gyaran rediyo ta Madani ta tsince shi tana shekara ta biyu, yana fama da tsufa. Ta share shi, ta canja masa kayan ciki biyu, ya miƙe.

Waɗanda suka zauna da shi za su shaide shi. Bai taɓa ba da abin da ya wuce wanda aka roƙa ba. In ka ce biyar, biyar ce, ko da wutar gari tana hauka. In hannu ya kuskure wayoyi suka haɗu, ba ya ƙona wa mutum aiki. Sai ya ce "tik", ya kunna 'yar fitilarsa ja, ya janye hannunsa har a gyara, kuma ba ya kai labari gaba. Wannan hali shi Juwairiyya ta fi ƙauna. A aji mai mutum sittin, tambayoyin da ta yi da bakinta cikin shekara huɗu ba su kai biyar ba. Sauran duk Jihazi ta yi wa, yana amsa mata da jajayen lambobinsa, fankarsa tana "fuuu" a hankali kamar numfashin mai barci.

Marigayin ya yi hijira sau ɗaya. Ranar da aka gudu daga Madani, a cinya ta riƙe shi kwana biyu cikin mota, ta bar akwatin tufafinta a ɗakin kwanan ɗalibai. Da Inna ta gan ta a ƙofar gida sai ta ce, "Yarinya ta bar suturarta ta ɗauko mana dutse." Wata shida ya yi a ƙauye yana aiki duk sa'ar da aka kawo wuta. Tare suka gina aikinta na kammala karatu, wani ƙaramin allo da zai ji bushewar ƙasa ya kunna famfo da kansa, don Inna ta huta da ɗibar ruwa da bokiti a lambun da Alamin ya bari.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da farkon damina, da ƙarar bindiga ta iso Sinja. Baffa Hashim, yayan mahaifinta, ya kawo tarakta ya ce kowa ya ɗauki abin da hannu ɗaya zai riƙe, ɗaya hannun na yara ne. Sauran kaya aka kai su inda kakanni suke kai dawa, wato matmura, ramin hatsi da ake rufewa da ƙaiƙayi da ƙasa. Ta naɗe Jihazi da mayafinta da buhu biyu, ta binne shi a tsakiyar dawa. Wata bakwai suka yi a Rusairis. Da suka dawo, an cire ƙofofi, an kwashe gadaje, amma ba wanda ya gano ramin. Dawar tsakiya ta tsira, ta gefe ta yi hunhuna. Jihazi ya fito da sanyi a jikinsa, yana gumi, ƙusoshinsa sun yi kore.

Ta san maganin. A buɗe shi, a goge shi, a shanya shi kwana uku cikakku kafin ya ɗanɗana wuta. Akwai ma isasshen lokaci, domin Dakta Ilham, malamar da ke duba aikinta, ta aiko saƙo cewa duk mai aikin kammalawa ya turo bidiyonsa yana aiki kafin azahar ɗin Alhamis ta ƙarshen wata. Wanda bai turo ba sai ya jira, kuma ba wanda ya san ranar da jiran zai ƙare.

A rana ta biyu mutanen ƙauyen gaba suka zo barka da dawowa. Baffa ya aro janareta don baƙi su cika wayoyinsu. Juwairiyya ta fito da farantin shayi, ta tarar ya ɗauke marigayin daga tabarmar shanya yana ɗaga shi sama.

"Ku taho ku ga kayan ɗiyata muhandisa, injiniya guda!" in ji Baffa. "Wanga shi ka ba da kahraba, wutar lantarki, a aune, kamar mai awo da mudu."

Ta ga wayar marigayin a hannunsa, ta ga inda za shi da ita. Ta ce, "Baffa."

"Na'am, ɗiyata?"

Fuska goma sha ɗaya suka juyo. Wannan shi ne mutumin da ya goya Inna ya ɗora ta a tarakta ranar gudu, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ɗiya ta gyara wa baffanta magana a gaban maza ba. Kalma huɗu ce kawai za ta faɗa, "bai bushe ba tukuna". Ta sunkuyar da kai, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ga shayi."

Baffa ya soka wayar a janareta. Marigayin ya yi ƙoƙari. Fankarsa ta juya, lambobinsa suka haska gaba ɗaya. Ya ce "tik", ya sake cewa "tik". Sannan ya ce "fas", farin hayaƙi ya fito ta haƙarƙarinsa.

"Hashim," in ji wani tsoho cikin baƙin, "kahrabar ɗiyar taka hayaƙi ta ka badawa?"

Aka yi dariya. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Ramin nan ya cinye shi tun tuni. Ma'alesh, ɗiyata, sai haƙuri." Ta ce, "Haka ne, Baffa." Ta zuba wa kowa shayinsa.

An yi iya abin da za a yi. Ta buɗe shi ta tarar naɗin jan ƙarfen cikinsa ya zama gawayi. Abdussalami, mai sake naɗi a kasuwar Sinja, bai dawo ba, awaki ke kwana a shagonsa. Ta gwada allon da batirin tarakta, amma batir bai san iyaka ba. Ƙyaftawar ido ya ƙone ƙwaƙwalwar allon, ɗaya cikin biyun da take da su. Ta ƙarshen tana cikin gwangwanin madara, ba ta da ƙarfin zuciyar taɓa ta.

Ya rasu ya bar tagwaye, Ja da Baƙa, wayoyinsa masu bakin kada, suna rataye a ƙusa ba abin cizo. Ya bar na'urar awo, tsohuwa mai yanar ido. Ya bar ƙarfen dalma da bai yi zafi ba tun ranar. Ya bar maraya ɗaya, allon ban-ruwa, wanda bai taɓa ba ko ƙwayar albasa ruwa ba. Ya kuma bar saƙon Dakta Ilham, mai cewa "Juwairiyya, ke kaɗai nake jira", wanda aka karanta ba a amsa ba.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis ta ƙarshen wata, da azahar, a matmurar bayan gida, tunda dawa ta ƙare ramin ya samu wuri. Mayafin da ya kwana ciki wata bakwai shi ne likkafaninsa. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ba a sayar da gawa.

Ana roƙon masu ta'aziyya abu biyu. Kada kowa ya gaya wa Baffa abin da ya kashe marigayin. Baffa ba ya cikin wannan zaure na 'yan aji, ya tafi a kan cewa rami ne ya kashe shi, a bar shi a haka. Na biyu, kada a kira mai makoki muhandisa.

Zaman makoki a lambun albasa ne, daga fitowar rana, kowace rana. Mai zuwa ya taho da bokitinsa.