Gashi a Rami na Shida

A Tsamiyar Arzika an yi wani mutum, sunansa Nomau. Gidansa ba ya wuyar ganewa, shi ne mai ƙofa biyu a jere, tun ranar da magini ya ce masa ƙofar tana son ƙari. A gidan daga shi sai matarsa Yelwa sai jaki guda, kuma mutanen gari sun daɗe da yanke hukunci kan wanda ya fi saurin fahimta tsakanin maigidan da jakin. Nomau ba rago ba ne, ba ya kuma musu. Ciwonsa guda ɗaya ne, abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shekararsa arba'in yana haka, ba alamar sauƙi.

Yelwa tana da wa, Ilu, bakanike ne. Ya yi shekara talatin a garejin birni kafin ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa, yana cewa wai hayaniyar birni ce ta ishe shi. Gaskiyar kuwa, yanar ido ce ta koro shi. Da yatsa da kunne yake aiki yanzu, kuma ya gwammace ya mutu da a sani. Shi ya sa da ya tashi neman mai taya shi ɗaga ƙarfe, ya zaɓi mijin ƙanwarsa, don yana son mai ƙarfi wanda ba zai gane komai ba. A wannan fanni dai ba a yi kamar Nomau ba.

Wata rana aka jawo wata jar mota da igiya zuwa rumfar. Ta Alhaji Cindo mai albasa ce, motar tsere, kujera biyu, ba rufi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Wayon Alhaji ne ya nuna masa ita ta dace da hanyar ƙauye. Ya faɗa rafi da ita, ta sha ruwa, ya ci gaba da ba ta wuta har fistan ya kakkarce ramukan nan shida da yake hawa da sauka a cikinsu. Kanikawan birni suka ce a sayar wa masu gwangwan. Ilu ya ji haka a majalisa, girman kai ya ɗebe shi, ya ce: "In ban tayar da ita kafin kasuwa huɗu ba, zan rufe rumfa, kada wanda ya sake ce mini bakanike." 'Yan majalisa, waɗanda da ma aiki ya yi musu yawa, suka ɗauki nauyin ƙirga masa kwanaki kyauta. Ilu ya shafa injin yana gaya wa Nomau cewa doki ɗari uku ne a cikin nan, duk sun kwanta. Washegari ya tarar da rumfarsa cike da harawa har bakin ƙofa, Nomau yana tsaye yana ba da haƙuri, wai wannan ta doki ashirin ce kawai, sauran sai an sassabe gonar Liman.

Wata rana, bayan sun sauke injin sun kwance shi, Ilu ya zura yatsa cikin ramukan ya ji sun yi kaushi kamar bakin tsohuwar rijiya. Ya ce wa Nomau ya ɗora bulon injin, wato gangar jikinsa mai ramukan nan, a amalanke ya kai shi a yi masa borin, abin da kanikawa ke kira ke nan idan za a rarake rami a daidaita shi. Nomau ya ɗaura wa jaki amalanke, ya wuce tashar motar birni ko kallonta bai yi ba, ya zarce gidan Inna Ladingo mai bori. Ita kuwa Inna ba ta taɓa korar mara lafiya ba. Aka shimfiɗa wa ƙarfe tabarma, aka turara shi, mai goge ya ja har la'asar. Da Ilu ya iso yana haki, sai Inna ta tare shi da albishir, wai kowane rami da aljaninsa, biyar sun fita, na shidan ne mai taurin kai. Ilu ya buɗe baki zai yi zagi, ya tuna ƙanwarsa ce za ta kwana da baƙin ciki, ya haɗiye. Kasuwa ɗaya ta wuce a haka.

Wata rana Ilu da kansa ya raka bulon birni. Mai borin na gaskiya ya auna, ya ce ramukan sun cinye da yawa, rarakewa ba za ta yi ba, sai an zura wa kowanne silif. A hanyar dawowa Nomau ya tambaye shi mene ne silif. Ilu, wanda har yanzu bai yi hankali ba, ya sauƙaƙa masa da Hausa, ya ce riga ce ake sa wa rami don fistan ya ji daɗin wucewa. Bayan kwana biyu sai ga Nomau da ƙullin kaya yana murmushi. Riguna ne guda shida, 'yan ƙanana, kowace da wuyanta da aljihunta, tela ya ma yi musu ɗan aiki a gaba. Da atamfar Yelwa ta zuwa biki aka ɗinka su. Yelwa ta zo rumfa ta tsaya ta kama ƙugu, ta tsallake mijinta, wanta ta fuskanta.

"Yaya, kai da ka san shi, me ya kai ka ce masa riga?"

'Yan majalisa suka rataye rigunan a jikin tsamiya, suna nuna wa duk baƙon da ya zo cin kasuwa. Kasuwa ta uku ke nan.

Wata rana, saura kwana uku wa'adi ya cika, bulon ya dawo daga birni da silif ɗinsa shida, ramukan suna ƙyalli. Aƙalla haka aka ce wa Ilu, shi haske kawai yake gani dishi-dishi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ji sumul, ya ce aiki ya yi, bayan Azahar za a ɗaure inji. Tsoro ne fal cikinsa, don ya san a da ba ya ɗaure inji sai ya haska kowane rami ya duba. Amma wa zai ce ya duba masa, gari ya ji? Da zai tafi masallaci ya ce wa Nomau: "Ka sa ido a kan ramukan nan har in dawo." Nufinsa kada kaji su watsa musu yashi.

Da ya dawo ya ji rumfar ta cika da dariya tun daga nesa. Nomau ne a durƙushe, ya kifa fuska a kan bulon, ya manna ido a bakin rami, ya ƙirga goma, ya matsa na gaba. Baƙin mai ya zagaye masa ido ɗaya kamar wanda ya sha naushi. 'Yan majalisa har da masu riƙe ciki. Ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya daka masa tsawa ya ce ya tashi.

Nomau ya ɗago ya ce: "Yaya, biyar ɗin ido yana zama lafiya. Na shidan ne akwai gashi a ciki. Na hura, na goge da hannun riga, ya ƙi fita."

"Gashin me a cikin ƙarfe?"

"Siriri, daga tsakiya ya yi ƙasa. Ka duba mana, ai ga shi nan."

Ilu bai duba ba, don ba shi da abin dubawa. Ya kama hannun Nomau ya ce ya kai masa yatsa wurin. Ya sa farce ya ja a hankali, sau ɗaya, sau biyu, a na uku farcen ya maƙale. Silif ɗin ne ya tsage wajen bugawa. Da an ɗaure injin a haka, da zafi na kama shi tsagar za ta buɗe, ruwa ya haɗu da mai, motar ta mutu a tsakiyar kasuwa gaban kowa, sunan Ilu ya bi ta. Dariyar majalisa ta ɗauke, don duk sun ga sai da Nomau ya ja hannun Ilu kamar ɗan jagora.

A ranar aka mayar da bulon birni, aka canja na shidan. Ilu ya ɗaure inji, Nomau yana leƙa masa kowane lungu yana faɗin abin da ya gani, ba ragi ba ƙari. Ranar kasuwa ta huɗu Ilu ya murɗa mukulli, motar ta yi tari sau biyu, sannan ta kama ruri har awaki suka tsinke igiya. Alhaji Cindo ya fara tambayar ko yanzu za ta iya tsallake rafi. Ilu ya buɗe baki zai ce wa Nomau ya kashe ta, ya hango shi kusa da gatarin mai itace, ya miƙa hannu ya murɗa mukullin da kansa.

Da mutane suka watse Ilu ya zauna a kan benci. Abin da ya ɓoye shekara uku ya riga ya fita, kuma ga mamakinsa sauƙi ya ji, ba kunya ba. Ya kira mijin ƙanwarsa ya ce: "Nomau, daga yau kai ne idona."

Nomau ya tsaya ya yi nazari sosai, don ba ya son ya sake yin kuskure.

"Na dama ko na hagu, Yaya?"

Ilu ya share fuska da hularsa, ya ce: "Duka biyun."