Yadda Za Ka Ɓoye wa Matarka Takardar Gwajin Maniyyi

Ɗan'uwa, aure ya kai shekara huɗu babu haihuwa, an matsa sai an gwada ka? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse ko mahaifiyarka ba za ta ji ba. Ni Hamani ɗan kabu-kabu shekara uku na yi a kan wannan aiki.

1. Yi nesa da gida
Kada ka kuskura ka yi gwaji a Ƙonni, mai sharar asibitin ma ya san babur ɗinka. Wuce Tawa, ka ce taya za ka sayo.

2. Kada ka bari likita ya gama magana
Da ka ji "ƙwayoyin sun yi ƙaranci", miƙe ka fizge takardar. Sauran bayanin da Faransanci yake, kai kuwa aji biyu ka yi a lakwal, wato makarantar boko. Namiji ba ya zama jin ƙarshen zance.

3. Samo maɓoya
Ƙarƙashin sirdin babur. Wace mace ke leƙa wurin?

4. Iya bakinka
In matarka ta tambaya, ka ce, "Lafiya lau, har hannu likita ya miƙo mini." In tsohuwarka ta kawo mata saiwoyi masu ɗaci daga Bazaga, kana kallo tana shanyewa tana amai, ka ce sannu. Kada dai ka kalli idonta. Ni a nan kunya ke kama ni, sai in fita wanke babur.

5. Kada ka ba kowa aron babur
Ƙanen matata Saratu, Saminu, malamin lakwal ne. Na ba shi aro, ya ɗaga sirdi neman sifana, sai ga shi da takarda yana karanta mini a gaban Saratu.

"Yaya, ai an rubuta jijiya ce ta kumbura, ka koma a yi maka ɗan aiki. Yaushe aka ba ka wannan?"

Saratu ba ta jin Faransanci, amma ta san lamba. Ta daɗe tana kallon kwanan watan.

"Tashi ka kira Innarka," in ji ta. "Da bakinka za ka faɗa mata, ina zaune."

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, babu ruwan marubuci, shi ma yana kwance an yi masa aikin. Saratu na kawo fura kullum, ta ajiye ta juya. Yau kwana tara ba ta ce mini uffan ba.