Yadda Malam Hambali Ya Ci Burauza da Yaƙi

Kafin in shiga bayanin wannan babbar waƙi'a, ya kamata mai karatu ya san cewa ni Ilu, marubucin tarihin nan, ina da wata 'yar lalura: ba na iya ganin abu yana aiki lafiya in wuce ban ba da shawara ba. Ko tocila ban taɓa gyarawa ba, amma ba a taɓa kwance inji a unguwarmu ban tsaya a kai ina cewa a duba ta can ba.

Amma ba'adu. Wannan shi ne labarin Malam Hambali na Malumfashi, malamin gona mai ritaya, ɗan Malam Barau mai gyaran rediyo, jikan Tanko Maƙeri wanda ya kwance agogon Baturen auduga ya mayar da shi tsaf har ƙusoshi suka yi rara, agogon kuwa bai ƙara motsi ba har Baturen ya bar ƙasar. Hambali feshi maganin gwazarma, garma mai kifar da tsohuwar saura, takin zamani wanda ya raina ka ya girbe kara.

Shi wannan sadauki yana da ɗan fari mai suna Nazifi, kuma bisa kunyar da muka gada, bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan yaron" yake cewa. In aka ce yaron ya ci jarrabawa, sai Malam ya tambayi yadda ake sayar da buhun masara a Dandume. To, wancan yaron ya gama karatun likitan dabbobi a Malesiya, aka ce za a nuna bikin yaye su kai tsaye a shafin jami'a, ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana. Da ƙannensa suka karanta saƙon a tsakar gida, Malam ƙara wa rediyo murya ya yi. Sai da matarsa Hajiya Ladidi ta tayar da sallar la'asar sannan ya lallaɓa ya kwafi adireshin daga wayarta, ya rubuta shi a cikin hularsa.

Ni kaɗai ya gaya wa, don tare aka yi mana kaciya, babu sauran abin ɓoyo tsakaninmu.

"Ilu, so nake in ga ko sun iya tsara taro a ƙasar nan," in ji shi.

Na ce, "Ai kuwa ya kamata a gani."

Ranar Asabar, rana ba ta gama fitowa ba muka kafa sansani a shigifarsa, muka sa sakata. Mu biyun duk ƙananan wayoyi 'yan rakani-kashi ne a aljihunmu, saboda haka dogaronmu bayan Allah yana ga wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya baro ofis da ita, da 'yar na'urar intanet da ake soka mata a haƙarƙari. Ya kunna ta, ta tashi, ta buɗe shafin labarai ba gardama. Sai wani ɗan saƙo ya leƙo daga kusurwa yana neman a sabunta manhaja.

A nan lalurata ta motsa.

"Hambali, ba a zuwa biki da tsohuwar riga. Danna mata."

Ya danna. Kwamfuta ta shiga halwa, tana kirga wasu lambobi, ta mutu ta farfaɗo, ta sake mutuwa, har hantsi ya dubi ludayi. Da ta dawo, ta dawo da sabuwar fuska da sabon hali, irin na ɗan ƙauyen da ya yi wata guda a Legas. Sadauki ya tuɓe hula, ya karanto adireshi harafi bayan harafi, ya buga. Burauza, wato ƙofar da ake bi a shiga intanet, ta fito da jar alama da dogon Turanci, ta rufe ruf.

Sai Bajimi ya naɗe hannun riga, ya kama linzamin kwamfuta da hannun da ya taɓa riƙe bijimi ana yi masa allura, ya kai farmaki na farko, wanda masana ke kira kashewa da kunnawa, ya maimaita shi da haƙurin mai ban ruwa a fadama, amma maƙiyiya ba ta ko girgiza ba. Ya zare na'urar intanet, ya hura mata iska kamar mai tofi, ya goge ta da gefen babbar riga, ya mayar. A wannan karon wani ɗan dodo mai kama da damo ya bayyana a fuskar allo yana tsaye cikin sahara. Malam ya danna wani maɓalli cikin fushi, damo ya hau gudu yana tsallake ƙaya. Tarihi ba zai ɓoye ba, rundunar ta ɗan shagala da wannan damo, kuma ni na fi shi iya tsallake.

Daga nan aka shiga babin zargi. Aka zargi data, aka aike ni na sayo kati, aka loda a kan wanda bai ƙare ba. Aka zargi sabis, Gwarzo ya ɗaga kwamfuta sama da kansa ya nufi taga da ita, ya juya gabas, ya juya kudu, yana tafe da ita kamar mai tallar tsire. Aka zargi zafi, na yi mata fifita da faifai. Aka zargi Turawa baki ɗaya.

Da ladan ya fara gyaran murya don azahar, na ga gumi ya jiƙe hular har tawadar adireshin ta fara narkewa tana bin goshinsa.

Na ce, "Gidan nan cike yake da masu iya abin nan. A kira ɗaya mana."

Ya dube ni. "In kira su in ce me nake son kallo?"

"Ka ce farashin taki."

"A shafin jami'a?"

Na ajiye faifai. Ya zauna bakin gado, ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ran da zai tafi ko tasha ban raka shi ba, Ilu. Ina bayan ɗakin nan ina yi wa akuya faɗa."

Muka yi salla a shigifa, muka dawo fagen fama. A nan ne Allah Ya yi wa Sadauki ilhama da wata dabarar da ba a taɓa jin wani daga zuriyar Tanko Maƙeri ya gwada ba, wato karanta abin da aka rubuta. Tabaransa yana ɗakin Hajiya, shiga can kuwa sai da bayani, don haka ya ari nawa mai ƙafa ɗaya, ya dafe shi da yatsa, ya bi jan rubutun nan da muka wuni muna zagi. Ashe tun safe baiwar Allah cewa take agogon kwamfutar ya koma baya. Muka duba kusurwa, sai ga ta zaune cikin wata shekara da Nazifi bai gama firamare ba.

"Yau ga jikan Tanko ga agogo," in ji shi, ya gyara zama.

Ya shiga lungunan na'ura kamar mai bin ramin gafiya, ya kamo shekara ya ja ta gaba, ya kamo wata, ya kamo rana, ya daidaita awa da agogon hannunsa. Biyu saura kaɗan ya sake buga abin da ya rage na adireshi, rabi daga hula, rabi daga goshi. Ƙofa ta buɗe. Na miƙe na yi masa kirari har da na kakansa, shi kuwa ya gyara wuyan riga, ya ɗaure fuska irin ta wanda ya zo duba tsarin taro kawai.

Ga zaure ƙato, fitilu rabi a kashe. Ga kujeru an kifa su bisa juna. Wani ɗan tsamurmurin mutum yana tura tsintsiya a kan dandamali. Malam ya ce wataƙila shiri ake yi. Muka zuba wa mai shara ido har ya gama, ya ɗauki bokitinsa, ya kashe ragowar fitilun.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Ladidi ce da kwanon dambu. Ta gaishe ni, ta ajiye, ta ɗan saci kallon allo, ta dubi tawadar da ke goshin mijinta.

"Malam, wancan yaron dai ya rame," in ji ta. "Hular ma ta yi masa yawa. Da aka ba shi takardar sai da ya tsaya yana ɗaga hannu, ban san wa yake nema ba."

Malam ya ce, "Wane yaro?"

Ta fita ta ja mana ƙofa.

Ashe ƙarfe biyun na agogon Malesiya ne, ita kuwa tana gabanmu da awa bakwai. An fara bikin da ƙarfe bakwai na safe agogonmu, Hajiya na kallo a wayarta, daidai lokacin da na ce ya danna, kuma kafin nan kwamfutar lafiyarta ƙalau.