Ranar da Na Dasa wa Kawu Bitrus Gashi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Ladi ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki da wata manhajar AI a ofis ba, irin wadda ba hira kaɗai ta iya ba, har cikin folda take shiga ta gyara fayil da kanta. Kaina ya kumbura. Da aka ce ana so a haska hotunan gaisuwar iyaye a majigi ranar liyafa, na ce a bar mini. Mai hoto ya juye mini su a kwamfuta, ya goge katinsa ya tafi wani aikin.

Na rubuta wa manhajar, "Gyara hotunan nan, kowa ya fito tsaf." Baiwar Allah (gara in faɗi gaskiya) sai da ta tambaye ni: ta ajiye gyararrun a gefe, ko ta ɗora su a kan na asali? Har da gargaɗin cewa in ta ɗora, babu dawowa. Ni kuwa tela na jirana a waya. Na danna mata izinin komai da komai, na rufe kwamfuta. Ko hoto ɗaya ban buɗe ba.

Ranar liyafa zauren Majidaɗi ya cika, dangin ango sun zo daga garin Mutum Biyu mota-mota. Mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Antinmu na kwamfuta, tashi mutane su gan ki!" Na tashi, har da juyawa ina ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Hoton farko ya fito: Kawu Bitrus, yayan mamanmu, wanda tun ina goye sanƙonsa ke sheƙi. Ga shi nan a bango da baƙin gashi cunkus, an taje shi gefe.

Sai matarsa, Mama Rahila, ta miƙe tana nuna bango: "Yauwa! Wannan ne na aura! Ina kuka ɓoye shi?"

Dariya ta ɓarke, har fasto yana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye, hannuna bai gama sauka ba.

Hoto na gaba amarya ce tana murmushi, an toshe mata wushirya. Ango ya karɓi makirfo ya ce, "Anti, don Allah a mayar mini da abina. Saboda shi na yi ta zirga-zirga zuwa gidanku Jalingo." Ladi ta harare ni, hararar da na sani tun muna yara. Na raɗa mata cewa na asali suna nan lafiya. Da na duba, babu ko ɗaya.

Abin da ya cece ni wayoyin 'yan'uwa ne. Sati na yi ina bin su gida-gida ina roƙon hotuna, kowa sai ya gama tsokanata kafin ya turo. Ladi ta huce. Kawu kuwa cewa ya yi a wanke masa nasa babba, yanzu haka yana rataye a falonsa.

Tun daga nan, kwafi kawai nake ba manhajar, na asali suna can inda hannunta ba ya kaiwa, kuma sai na duba aikinta da idona kafin in ce na yarda. In na'ura ta tsaya tana tambayarki ko kin tabbata, to a ranar ta fi ki hankali.