Dokin Lantana Ya Shiga Siyasa

"Lafiya lau, amarya. Ya zafi? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan yadda ka bar ta bara. Kai ya taka ƙafar? Na ga yau da ita ka zo."

Ja'afaru ya gyara durƙuso a ƙofar ɗakin kakarsa Lantana, ya ja bakin wando ya rufe ƙurar da ya kwaso tun daga Makarfi har Dandamisa. Wata bakwai ke nan da samun mulkin kai, kuma saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen Majalisar Jihar Arewa. Ja'afaru ya ajiye aikin koyarwa a elementare ya tsaya takara, ba a ƙarƙashin kowace jam'iyya ba, domin ya karanta a littafi cewa jama'a cancanta suke zaɓa. Kuɗin ajiyar da ake karɓa wurin ɗan takara ya cinye kekensa da agogonsa. Abin da ya rage masa shi ne farar riga guda, da ƙunshin takardu masu hoton tsani, alamar da za a liƙa a akwatinsa.

Jibi Laraba kasuwar Makarfi za ta ci, ranar da kowane ɗan takara zai nuna kansa. Abokin karawarsa, Alhaji Inuwa na Ikara, da mota zai shigo, har da lasifika a kanta. Ja'afaru ya san in ya shigo a ƙasa, ba mai tsayawa ya ji cancantarsa. A duk danginsu kuwa mutum ɗaya ke da doki, ga ta nan zaune tana tsince wake.

"Ina keken, maigida?"

"Keke ya tafi Zariya yi wa ƙasa aiki."

"An sayar ke nan. Yau keke, gobe kuma ni za ka ja kasuwa."

"Wa zai saya? Sau biyu ina yi wa dillalan Kudan tayinki, suka ce sai dai in haɗa musu da akuya."

"Ja'iri! Ni da Baturen auduga ya hango a bakin rijiya ya faɗo daga kan babur?"

"Tsoro ne ya kayar da shi. Har yau yana asibiti a Ingila yana sambatu."

Ya sa hannu a aljihu ya miƙa mata goro ɗaya. Ta juya shi sama da ƙasa, ta kai shi kusa da ido.

"Wannan na neman aure ne ko na neman ƙuri'a?"

"Duka biyun."

"Shi ya sa ya yi ƙanƙanta. Alhaji Inuwa gishiri ya aiko mini da sabulu mai ƙamshi, alhali mu mata ko ƙuri'ar ba a ba mu ba."

"Kika karɓa? Da aurenki?"

"Na zuba a miya, na yi wanka. Shi ya san duk namijin da zai shiga rumfar zaɓe a garin nan, ni na yi masa wankan farko. Har kai. Kuka ka yi ta yi kamar an ƙwace maka gona, tun ranar na ce wannan ɗan adawa ne."

Ja'afaru ya yi gyaran murya irin wadda yake yi wa 'yan aji uku.

"Amarya, magana ce ta kawo ni. Aron Kili nake so, kwana ɗaya tak."

Hannun Lantana ya tsaya a cikin wake. Kili shi ne farin dokin da marigayi mijinta ya bar mata tare da injin matse rake. Daga kaka zuwa bazara shi ke juya injin, ana dafa ruwan ana yin mazarƙwaila, ita kuma da wannan take ci take sha.

"Kili ne mijina na gaskiya," in ji ta. "Shi ke cefane. Kai me ka taɓa kawowa ban da surutu?"

"Ki bari in shiga majalisa. Titi zan kawo har ƙofar ɗakin nan."

"In je ina?"

"Kaduna. In sa a dasa miki haƙora sababbi, na gwamnati."

"Huɗun da nake da su sun ishe ni cin naman sunan jikanka. Kai da ka rasa alama sai tsani? Mutumin da ya faɗo daga kan rumbu yana shekara goma sha biyar, ya kwana uku yana kiran uwarsa?"

"Tsani alamar ci gaba ne."

"Da shi ake saukowa kuma."

"Zan kawo doka, duk tsohuwar da ta haura shekara ɗari da hamsin a ba ta ƙuri'a biyu. Ke kaɗai za ki amfana a lardin Zazzau."

Lantana ta kakkaɓe zane ta miƙe.

"To, ga shi can a turke. In ka hau shi ka kai bakin rafi ka dawo, na ba ka."

Da Ja'afaru bai yi shekara tara a makaranta ba, da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa abin ya zo da sauƙi haka. Sai ya shimfiɗa buhu a bayan doki, ya ja shi zuwa ƙofar gida, ya taka kututture ya haye. Ya gyara hula, ya baza riga, ya dubi gabas inda Makarfi take. Shi kansa ya ji ya yi kama da wakili.

Kili ya yi taku uku a miƙe. A na huɗu ya karkata hagu, ya kama zagaya durumin ƙofar gida, a hankali, kai a sunkuye, kamar mai tuna wani abu. Shekara goma sha huɗu yana juya injin rake, iyakar abin da ya sani game da tafiya ke nan: in an ɗora masa nauyi, a yi hagu har a dawo inda aka tashi.

Lantana ta kifa turmi a inuwa ta zauna, ta ɓare goron.

"Ina aka nufa, ranka ya daɗe, Wakili?"

"Makarfi!" in ji Ja'afaru, yana jan linzami dama da hannu biyu.

"Ka kusa. A gaida mutanen kasuwa."

Durumi ya ɓoye shi, ya sake fitowa ta ɗaya gefen.

"Af, har ka dawo? Nawa ake sayar da barkono?"

"Tsayar da shi, tsohuwar banza!"

"Ba ya tsayawa sai an kira azahar. Haka kakanka ya hore shi."

"Yanzu fa hantsi ne!"

"To ka ga kana da lokaci."

Kafin zagaye na goma, masu hira a dandali sun taso. Masu dawowa daga gyaran gona suka ajiye fartanya, mai aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Suka yi da'ira suna kallo cikin natsuwa, domin ba wanda ya tabbata ko haka sabuwar siyasar take.

"Ga taro ka samu ba ka raba ko gishiri ba," in ji Lantana. "Yi musu lacca mana."

Ja'afaru ya duba, ya ga tun da ya fara yawon neman ƙuri'a bai taɓa tara mutane kamar haka ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gezar doki.

"Jama'ar Dandamisa! In kuka jefa takardarku a akwatin tsani, zan sa a haƙa muku..."

Durumi ya shiga tsakani. Mutanen yamma ne suka ji ƙarshen maganar, wato "rijiya da ɗakin magani", ba su san abin da za a yi da su ba. Mutanen gabas kuwa suka tsaya jiran jin abin da za a haƙa musu. Da ya sake ɓullowa ya riga ya shiga batun farashin gyaɗa.

"Malam, me za a haƙa mana?" in ji mai aski.

"Ka jira shi, yana tafe," in ji Lantana. "Wannan wakilin ba irin masu tafiya Kaduna a daina ganinsu ba ne. Ko kun ƙi ko kun so, yanzu zai dawo."

Aka fashe da dariya, har wani ya ce wallahi ko don wannan zai ba shi ƙuri'a. A zagaye na ashirin da wani abu garin Dandamisa ya fara juyawa shi ma. Ja'afaru ya saki geza, ya zame ta gefe, ya sauka zaune a ƙasa. Kili bai lura ba, ya ci gaba da aikinsa. Mutane suka yi masa sannu, suka watse suna maimaita rabin laccar da kowa ya samu.

Ja'afaru ya rarrafa ya jingina da turmin da kakarsa ke kai. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Iya, na ajiye aiki. Ba za su mayar da ni ba. In na shiga Makarfi jibi da ƙura a ƙafa, yara ma sai sun yi mini waƙa."

Lantana ta dube shi. Rabon da ya kira ta Iya tun ranar da aka binne ubansa.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Na gaji da rubuta wa mutane takardar koke ana ajiyewa a ofis."

Ta tauna sauran goron har ya ƙare. Sannan ta tashi ta shiga gida, ta fito da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, cike da dusa da ɗan garin kanwa. Ta ƙwanƙwasa gindinta sau uku, ta juya baya ta kama hanyar rafi ba ta ko waiwaya ba. Kili ya ɗaga kai. Ya bar durumi, ya bi ta a miƙe sak, hancinsa a kafaɗarta, har bakin rafi, suka juyo tare.

Ja'afaru ya miƙe tsaye yana riƙe da itace.

"Ashe yana da magani! Ba ni ƙwaryar, in sami mai riƙewa."

"Ni kaɗai yake bi. Kawunka Sama'ila ya gwada bara, je ka ce ya nuna maka kafaɗarsa."

"To yaya za a yi?"

"Yadda ake yi kullum in za a kai shi gonar rake. In hau jakin maƙwabta in shige gaba da ƙwarya, shi ya biyo ni, kai kuma ka zauna a sama ka yi ta ɗaga wa mutane hannu. Amma ka ji: kafin magariba yana turkensa. In na ga an fara jifa, ni da mijina za mu juyo gida, kai ka san inda ka ajiye ƙafarka."

"Ke a gaba, ni a baya? A tsakiyar kasuwar Makarfi? Ai sai a ɗauka ke ce mai takarar."

"Ka gode wa Allah ba a ajiye mini akwati ba. Da kai da Alhajin naka sai dai ku raba ƙuri'ar surukanku."

"Za a ce mace ke jan ragamata."

"Ƙarya za a yi?"

Ja'afaru ya dube ta, ya dubi Kili. Dariya ta kama shi har ya koma ya zauna a ƙasa, hula ta faɗi.

"Na yarda, amarya. Ki shige gaba."

"Dama can a gaba nake," in ji Lantana, tana miƙa wa Kili ƙwarya. "Jibi ka zo da sassafe. Dusar kuma kai za ka kawo, ka cika buhu. In ta ƙare a tsakiyar kasuwa, to ka tanadi laccar da za ta kai ka azahar."